Zaman Gefe Ɗaya

Shekara ashirin da shida ina jan tirela
daga Calama zuwa bakin ruwan Antofagasta,
tagulla a baya, hamada hagu, hamada dama.
Na san kowace kwana, na san kowane ramin kwalta,
amma wurin da nake zaune a kansa
ban taɓa ganinsa da idona ba.

Wata bakwai ina tuƙi a karkace
kamar motar da lodinta ya zame.
Na sayi matashi mai rami a tsakiya,
na ce wa abokan hanya ciwon baya ne.
A banɗakin gidan mai,
jan ɗigo a kan farar takarda.
Na kora ruwa da sauri,
sai ka ce ruwa yana wanke sani.

Herminia ce ke wanke mini kamfai,
kuma mai wanki ba a yi masa ƙarya.
Ran Lahadi ta dire mini shayi, ta ce:
"Mahaifinka ma haka ya yi shiru
har shirun ya cinye masa hanji."
Na yi ta juya sukarin da ya daɗe da narkewa.

Lambata arba'in da uku.
Likitar sa'ar 'yata ce, Dakta Carvajal,
biro a soke cikin gashi.
Na fara da zafin rana, na bi ta kan tsadar dizal,
ta bar ni na gama zagayena.
"Don Eleuterio, a ina ne?"
Na nuna da babban yatsa ta bayan kafaɗa
kamar mai ba wata mota hanya.

"Kwanta ta hagu, naɗe gwiwa."
Safar hannu ta yi ƙara. Mai mai sanyi.
Yatsa, sannan ɗan bututu mai fitila.
Na ƙura wa tsagar bango ido,
na bi ta kamar taswira.
Minti huɗu.
Abin da na gudar wa wata bakwai, minti huɗu ya ci.

"Abu biyu ne," in ji ta.
"Na ciki basir ne, jijiya ta kumbura
da yawan zama da yunƙuri.
Mai kaushin nan na bakin dubura tusar jaki ce,
ƙwayar cuta ke kawo ta ta hanyar saduwa,
takan yi shekaru a kwance ba ta motsa ba.
Zan yanki kaɗan a gwada.
Da shekarunka, da labarin mahaifinka,
sai an leƙa hanji da kyamara."

Kwana tara ina jiran takarda.
Ban taɓa sanin dare yana da tsawon hanyar Calama ba.
Ba daji ba ne.
Na zauna a kan matakalar asibiti, da duka ɓangarorina biyu,
ya yi zafi, ban damu ba.

Basir, an shaƙe shi da 'yar roba,
ya bushe ya faɗi ban ma sani ba.
Tsiron, sau uku ana ƙona shi da sanyi.
Wanda ya fi su ciwo
shi ne gaya wa Herminia ita ma ta je a duba ta.
Ta daɗe tana goge kwanon da ya bushe.
"Yaushe?" ta ce.
Ban san ko ranar asibiti take tambaya ba
ko wata rana ta can baya.
Mun tafi tare. Ba ta riƙe hannuna ba,
amma ba ta zauna nesa ba.

Yanzu gorar ruwa ce a inda matashin yake,
da wake, da busasshen 'ya'yan itace.
Duk awa biyu nakan tsaya in taka ƙasa.

Jiya a ma'auni na hangi Nibaldo,
yaron da ke jan tankar ruwa,
yana saukowa a hankali, a karkace.
Na saya masa shayi.
Na fara da tsadar dizal.